Giɓin Zare a Hoton Shugaba

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da aikin nan naki na zama gaban kwamfuta har idanu su yi ja. Mu nan kowa lafiya, sai gwiwar Baba da ke tashi in an yi sanyi, amma tun ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe ya manta yana da gwiwa.

Auta, ban san ta inda zan fara ba. Muna rumfar gyaran koma, ragarmu ta kamun kifi, rediyo na rataye a ƙusa, sai aka kira sunan mutumin nan. Ni na ɗauka rumfar za ta tsage da ihu. Wallahi ba wanda ya motsa, kowa da zare a baki. Can sai Baba ya ajiye basillarsa ya ce a maimaita, kamar mai rediyon zai ji shi. Ɗan masu gyaran koma, wanda uwarsa ta tsufa a kan irin tabarmar da muke zaune, wai shi ne shugaban ƙasar nan kaf. Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Kin san abin da ya fi tsaya wa Baba a rai? Haƙorin. Giɓin nan da zare ke ci mana a haƙorin gaba, don tun muna yara da haƙori muke yanke shi, hannu biyu na riƙe da koma. Wanda ake nuna mu da shi a kasuwa, a ce ga masu giɓi nan, a toshe hanci. To sabon shugaban ma yana da shi, kuma duk lokacin yaƙin neman zaɓe bai taɓa rufe baki ba in zai yi dariya. Ban faɗa don in tsokane ki ba. Na san naki likitan birni ya cike miki tun shekarar da kika sami aiki, na kuma san tun ranar da kika zo gida kika yi dariya Baba ya gani, bai ƙara ɗaga ido ya dube ki ba, ke ma ba ki ƙara tako garin ba. Ku biyun nan taurin kanku iri ɗaya ne.

Garin kuwa ya haukace da lissafi. Dogo, mijin ƙanwar Inna, ya ce ministan ruwa ba zai wuce shi ba, har ya daina gaisawa da hannu ɗaya. Mata na cewa asibiti za a fara, matuƙa kwalekwale na cewa hanya. Kowa ya riga ya raba ƙasar ya ɗauki kasonsa.

Baba dai abu ɗaya ya nema. Ya buga sabuwar ƙusa a tsakiyar rumfa, ya ce nan hoton zai zauna. Tunda a gidan ɗab'in gwamnati kike, ki yi ƙoƙari namu ya zo da wuri. Bai ce in gaya miki ba, amma a gabana ya buga ƙusar, kuma sau biyu ya yi tari.

Taki,
Yaya

*

Zuwa ga Yayata,

Na amsa gaisuwa, na kuma ji daɗin jin lafiyarku. Ni ma lafiya, sai ɗan ciwon wuya na zama. A shafa wa Baba man zafi a gwiwar, ko da zai yi faɗa.

Yaya, riƙe zuciyarki. Hoton da za a rataya a kowane ofis da makaranta da asibiti na ƙasar nan, a teburina ya sauka. Manaja ya zagaya ɗakin, ya wuce mutane da suka girme ni a aiki, ya tsaya a kaina ya ce hannuna ya fi laushi. Da na buɗe hoton ya cika fuskar kwamfuta, na kasa taɓa komai. Na zauna ina kallonsa kawai. Goshin irin na kawunnanmu ne, har da layin nan da rana ke bari. Na ce a raina, yau ga fuskar gida ta biyo ni har wurin aiki. Sai da na je na wanke hannu na dawo, ban san dalili ba.

Aikinmu ba wani abin mamaki ba ne. Duk babban da za a buga hotonsa, sai mun bi fuskar daki-daki. A rage ƙyallin gumi, a kwantar da ƙuraje, a haska ido, a daidaita abin da bai daidaita ba. Na yi masa aikin da ban taɓa yi wa kowa ba. Manaja ya duba ya ce ba gyara, ma'aikatar yaɗa labarai ma ta sa hannu, injuna sun kama aiki.

Amma nan ba kamar can ba ne. Kowa na murna da rabin baki. Mai Tabarau, wadda teburinta ke kusa da nawa, mutuniyar tudu ce, kuma mun shaƙu, tare muke cin abincin rana. Ranar nan ta tambaye ni cikin wasa ko yanzu sai mai warin kifi zai sami ƙarin girma. Na yi dariya, ita ma ta yi, amma na ga tsoro a idonta. Mutanenta ma sun taɓa samun nasu a sama, ta san yadda aka yi wa saura a lokacin. Su suna jira su ga ko zai zama namu kaɗai, ku kuna jira ku ga ko zai zama namu sosai. Mutum ɗaya, Yaya. Ina tausayinsa.

Na sa naku a firam da kaina, na ba direban motar kifi. Ki gaya wa Baba, ko kada ki gaya masa, yadda kika ga ya fi.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice. Jikinmu lafiya, amma gidan ba lafiya.

Hoto ya iso. Rumfa ta cika maƙil, har waɗanda ba sa ga maciji da juna sun tsaya kafaɗa da kafaɗa. Baba ya sa rigarsa ta fita, ya kwance takardar da kansa a hankali. Ya ɗaga hoton, ya matsa bakin rumfa wurin haske, ya daɗe yana dubawa. Sai na ga fuskarsa ta sauka. Mutumin na murmushi, haƙora jere reras, farare tas, ba giɓi ko na ƙwayar gero.

Baba bai ce komai ba sai, "Shi ma ya cike."

Auta, na taɓa ganin Baba ya binne ɗa, ban ga ya yi irin wannan tsufan a yini ɗaya ba. Mutane suka watse suna gunaguni. Dogo ya ce dama ya sani, duk wanda ya sha ruwan birni sai ya wanke mu daga bakinsa. Wata ta ce tun bai zauna a kujerar ba ya fara jin kunyarmu, ina ga ya zauna. Masu lissafin asibiti da hanya duk suka ajiye lissafin.

Washegari da safe Baba ya sauko da hoton, ya cire gilashin, ya ɗauki basilla. Ya auna da ido, ya kankare giɓin a daidai inda yake, ya mayar ya rataya. Ya ce shi wannan ya zaɓa. Kafin azahar mutane sun fara kawo nasu. Na makaranta, na ɗakin shan magani, har na tashar mota. Baba na zaune yana kankarewa kamar mai yi wa yara aski.

Jiya Sufeton 'yan sanda ya zo da mota. Ya ce ɓata hoton shugaban ƙasa laifi ne, kuma an kai ƙara daga sama. Ya yi magana da ladabi, ya ce Baba ya ce kuskure ne a wuce wurin. Kin san Baba. Ya ce ba kuskure ba ne, gyara ne. Ya naɗe tabarmarsa ya shiga motar da ƙafarsa. Yanzu yana tsare, sun ce sai an kai shi gaban alƙali, kuma ɗakin siminti ne, ga gwiwa.

Ke kina kusa da manya. Ki nemi wanda zai ji. Ba don shi mai cikakken haƙorin ba, don tsohon nan.

Yaya

*

Auta,

Motar kifi ta je ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, direba na ce mini ba saƙo. Ina fata ba ciwo ne ya kwantar da ke ba. In kuwa lafiyarki ƙalau, to na gane. 'Yar tsohon da ya ɓata hoton gwamnati ba za ta so a sani a ofis ba. Ba komai. Ki riƙe teburinki da kyau.

Ina kai masa abinci safe da yamma. Gwiwar ta kumbura, da bango yake tashi. Sufeto da kansa ya kawo masa bargo, ya ce shi ma abin ya fi ƙarfinsa. Baba bai tambaye ki ba. Ni ce dai nake ta kallon hanya kamar wawiya.

Yaya

*

Yayata,

Ki yafe mini. Lafiyata ƙalau, kuma ba kunyar Baba nake ji ba. Na fara rubuto miki ya fi a ƙirga ina yagawa.

Shugaba bai cike haƙorinsa ba. Ni na cike shi.

Da na karanta wasiƙarki na koma na buɗe hoton asali, na ajiye shi gefen nawa. Giɓin na nan a na asali. Yaya, in kina gyaran hoto, kina jawo shi ne kusa har fuska ta ɓace, ba kya ganin mutum, sai fata, sai gashi, sai haƙori ɗaya da ya cika gabanki. Na cike haƙoran ministoci da alƙalai da ban san adadinsu ba. Hannuna ya ga gefe ya ɓalle, ya gyara, ya wuce na gaba. Ni da na je na wanke hannu don girmama fuskar nan, ni na share abu ɗaya da ke cikinta namu. Ban ma lura ba, kuma rashin lurar ya fi komai ci mini rai.

Na je wa Manaja da hotunan biyu. Ya rufe ƙofa, ya ce in zauna. Ya ce ya gani tun ranar farko, ma'aikata ma ta gani, kuma sun ji daɗi. Wai da giɓin, shugaban masu koma ne, ba giɓin kuwa shugaban kowa ne. Ya ce an riga an raba hoton ko'ina, in na buɗe baki ni za a ɗora wa laifin, in tattara kayana. Na ce mahaifina ne a tsare. Ya ce Allah ya fitar da shi, amma shi bai ji wannan maganar ba.

Mai Tabarau ta same ni ina kuka a bayan injin yankan takarda. Na gaya mata duka. Na ɗauka za ta goyi bayan Manaja, tunda ita ce mai tsoron masu warin kifi. Ta cire tabaraunta ta goge, ta ce ita ba ta zaɓe shi ba, amma mutumin da za a iya canja wa fuska bai sani ba, shi ya fi ba ta tsoro.

Ita ta tuna mini da wata ƙa'ida ta aikinmu. Babban hoton da za a rataya a fadar shugaban ƙasa, wanda ya yi aikin launinsa shi ke raka shi, ya duba yadda ya zauna da hasken ɗakin. Jibi za a kai. Ban san ko zan ga shugaban ba, ban san ko bakina zai buɗu ba. Kada ki gaya wa Baba komai tukuna.

Auta

*

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Ki zauna kafin ki karanta.

Mun kai hoton da hantsi. Ɗakin ya fi rumfarmu girma sau nawa, kafet ɗin kuwa ƙafa nutsewa take yi, ba ka jin takun kowa. Masu ratayawa na kan tsani, Manaja na ba da umarni, ni ina baya ina duba haske. Sai ƙofar gefe ta buɗe. Ba jiniya, ba sanarwa. Shugaba ya shigo da kofin shayi a hannu, mutum biyu na bin sa da takardu. Bai kai tsawon da nake zato ba. Ya gaishe da na kan tsani kafin ya gaishe da Manaja.

Ya tsaya gaban hoton ya ce an yi masa kyau, har ya fi shi kyau. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, sai ga giɓin. Yaya, a gabana, kamar na Baba, kamar naki. Ban san sanda na tako ba. Na ji muryata na cewa, ranka ya daɗe, akwai abin da na cire a hoton nan. Manaja ya yi mini wani kallo, wani mai baƙar kwat ya matso, shi kuwa ya ɗaga hannu ya ce a bar ni.

Na faɗa masa duka a tsaye, har da Baba da basilla da ɗakin siminti. Ya matsa kusa da hoton, ya taɓa haƙorinsa da harshe. Ashe bai lura ba shi ma, ya ce rabonsa da ya dubi fuskarsa da kyau tun kafin zaɓe. Wani daga cikin masu takardu ya ce ai haka ya fi, don kada sauran jama'a su ga kamar na wani ɓangare ne. Wani ya ce a janye duka a sake bugawa.

Shugaba ya ce ba za a sake bugawa ba, kuɗin da za a kashe yana da wurin zuwa. Sannan ya juya ga na farkon ya ce, "Duk wanda ya zaɓe ni da wanda bai zaɓe ni ba, da wannan bakin suka ji ni. In na ɓoye musu inda na fito, me kuma za su yarda ban ɓoye ba?"

Ya sa aka sauko da hoton aka cire gilashin. Ya nemi basilla, ina za a samu basilla a fada? Sai ya zare allurar da ke maƙale da ƙaramar tuta a ƙirjin mai baƙar kwat. Ya durƙusa a kan kafet, Yaya, shugaban ƙasa, ya ce in nuna masa inda tsohon ya kankare. Na sa yatsa. Ya kankare da hannunsa, ya hure garin takardar. Ya ce a ɗauki hotonsa a haka a kai wa 'yan jarida, in laifi ne a fara da shi. Ya ce wanda ya ga dama ya bar nasa yadda yake, wanda ya ga dama ya gyara.

Da zai fita ya tambaye ni ko ni ma 'yar rumfa ce. Na ce e. Ya dubi bakina, na san ya gani. Ya ce in gaya wa Baba ya gode, amma in gaya wa mutanen gida gaskiya: ba zai fara da su ba. Akwai garuruwan da ko ɗakin shan magani ba su da shi, da su zai fara, kuma ya san za a zage shi a rumfa.

Da muka koma ofis Manaja ya mayar da ni sashen yankan takarda. Ban damu ba. Har yanzu yatsan da na nuna wurin da shi nake kallo.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da ban haƙuri. Wasiƙar da na yi miki ta baƙar magana, ki sa ta a murhu. Mu lafiya, gwiwar ma ta fara saɓewa.

Sufeto da kansa ya dawo da Baba a gaban mota, jarida a hannunsa. Ya tsaya a rumfa yana ta juya hularsa, daga ƙarshe ya fito da hoton ofishinsa daga bayan kujera ya ce ko Baba zai taimaka. Baba ya ce ya bi layi.

An faɗi sunayen ministoci, ba namu ko ɗaya. Dogo ya kwanta da zazzaɓi, ya tashi yana cewa da giɓi da babu duk ɗaya ne, an ci amanarmu. Wasu na bin bayansa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba, hanyar nan tamu har yanzu ita ce ke karya motar kifi. Na isar da saƙon cewa ba da mu za a fara ba. Rumfa ta yi zafi. Baba ya bari suka gama, ya ce shi bai tsaya a layin zaɓe don a ba shi hanya ba, ya tsaya ne don ya ga mai irin bakinsa ya yi wa ƙasa magana bai rufe shi da hannu ba. Ya ce hanya kuma za mu ci gaba da nema, da ƙarfi ma, kamar kowa.

Sannan na karanta masa wasiƙunki biyu, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Da na zo inda kika ce ke kika cike, na ɗaga kai ina jiran hadari. Bai motsa ba. Da na zo inda kika tako gaban mutumin, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya karɓi jaridar ya kai ta wurin haske, ya daɗe a kan hoton, ga shugaba a durƙushe, ga wani yatsa a gefe. Ya ce kankarar ta ɗan karkata hagu, hannun mutumin ya manta aiki. Sai ya ɗora babban yatsansa a kan yatsan nan ya tambaye ni ko naki ne. Na ce naki ne.

Ya yanke wurin da wuƙarsa, ya soke shi a ƙusa ƙarƙashin babban hoton. Ya koma ya ɗauki koma kamar ba abin da ya faru. Ina tattara kwanuka ya yi tari sau biyu, ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ki ce wa Auta ta zo. Ki ce ta zo ta yi dariyarta, zan duba."

Motar kifi na tashi da sassafe. Na ce wa direba ya bar miki gaba.

Taki,
Yaya